Binciken jami'a da kamfanoni: abin da aka faɗa a taƙaice

1. A tattaunawar da aka yi kan haɗin gwiwar jami'o'i da kamfanoni wajen bincike, kusan kowa ya yarda cewa malaman jami'a na fannin kasuwanci da na shari'a suna buƙatar bayanan kamfanoni, kamfanoni kuma suna buƙatar mai faɗa musu gaskiya.

2. A rubuta yarjejeniya kafin a fara aiki: wa zai mallaki sakamako, wa zai ga bayanan abokan ciniki. An kawo misalin dokar Bayh-Dole ta Amurka, ta 1980, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnatin tarayya.

3. Kan kuɗi aka rabu. Wasu suka ce a karɓi kuɗin kamfanoni. Wasu suka nuna tsoron ranar da sakamako zai ɓata wa kamfani rai, ya hana bugawa, ɗalibi ya rasa kundin digirinsa. Ni ma wannan ne ya fi damuna.