Ayyana karyewa a kotun Amurka yana hana banki gwanjon gida?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum malamai. Mutum a Amurka ya sayi gida da bashin banki, gidan na jingine, ya yi wata bakwai bai biya ba, har an sa ranar gwanjo. Ana cewa idan ya ayyana karyewa a kotu, wato ya kasa biyan basussukansa, gwanjon zai tsaya, bashin kuma ya mutu. Haka ne? Babi na 7 na dokar karyewa ne ya dace da shi ko na 13?

Lauyan_Bashi:
Wa alaikumus salam Malam. Tsayawar gwanjo gaskiya ce. Sashe na 362 na dokar karyewa yana ɗaure hannun duk masu bin bashi daga lokacin da takarda ta shiga kotu, ba sai alƙali ya sa hannu ba. Amma dole ta shiga kafin a buga gwanjon. In an riga an sayar, a yawancin jihohi gidan ya tafi.

Batun mutuwar bashi ne ke jefa mutane cikin asara. Babi na 7 yana sauke bashin daga wuyan mutum, amma jinginar tana nan a kan gidan. Banki zai nemi izinin kotu ya ci gaba, ko ya jira shari'ar ta ƙare cikin kamar wata huɗu, sannan ya sayar.

Wanda ke son gidansa, Babi na 13 ne nasa. Ana raba abin da ya taru a kan shekara 3 zuwa 5, yana kuma biyan kuɗin wata-wata na yau da kullum. Misali, dala 12,000 a wata 60 ya zama dala 200 duk wata, ga ladan wakilin kotu da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Biyan farko cikin kwana 30 ne da shigar da takarda. A nan da yawa ke faɗuwa, domin biya biyu ne a wata ɗaya. Kada kuma ya manta da shaidar zaman shawara kan bashi, wanda za a yi cikin kwana 180 kafin shigarwa. Rashinta kaɗai na iya sa a kori shari'ar.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ranka ya daɗe, kafin kotu akwai wata ƙofa. Tun 2014 ƙa'idar tarayya ta hana kamfanin da ke karɓar biyan ya fara matakin ƙwace gida sai rashin biyan ya wuce kwana 120. Idan kuma mutum ya miƙa cikakkiyar takardar neman sassauci fiye da kwana 37 kafin gwanjo, ba za a sayar ba sai an amsa masa. Cikakkiya fa, takardar albashi ɗaya ta ɓace, kariyar ba ta hau ba.

A kula kuma: wanda aka kori shari'arsa ta karyewa cikin shekara ɗaya da ta wuce, in ya sake shigar da wata, dakatarwar gwanjon ta kwana 30 ce kawai, sai in alƙali ya tsawaita. In sau biyu ne, babu ita sam.

Tsohon_Magatakarda:
Malam, a bincika ko akwai jingina ta biyu, wato wani bashin daban a kan gidan. A shari'ar Caulkett ta 2015 Kotun Ƙoli ta ce Babi na 7 ba ya cire ta, ko da darajar gidan ba ta kai bashin farko ba. A Babi na 13 kotuna na cire ta, matuƙar bashin farko ya cinye darajar gidan kaf. In ko dala ɗaya ta rage, tana nan daram, shi ya sa ƙiyasin gidan ke da nauyi ƙwarai.

In kuma bashin haraji ne, a 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wata mai gida, Geraldine Tyler: gundumar Hennepin ta jihar Minnesota na bin ta kusan dala 15,000, ta sayar da gidanta 40,000, ta riƙe duka. Alƙalai tara suka ce riƙe rarar ƙwace ne, kuɗin mai gida ne.