Ɗan ludo a cikin kalkuleta

Ran Asabar muka zauna a Garwa da samarin da ke buga Dungeons & Dragons (wasan labarin jarumai da ake yi da ɗan ludo), masu kukan rashin ɗan ludo mai fuska 20. Aka ce ai randInt(1,20), umarnin da ke zaɓo lamba barkatai daga 1 zuwa 20 a kalkuleta ƙirar TI-83 Plus, ya wadatar. Sai wani ya ja kunne: kalkuletar da aka goge ƙwaƙwalwarta jerin lambobi ɗaya take fara kawowa kullum, sai an zuba wata lamba cikin rand, wato tushen da lambobin ke fitowa, tukuna. Ni dai ban taɓa lura ba, wallahi.

Allon kalkuletar haruffa 16 yake ɗauka a layi, saboda haka a gajarta sunayen jarumai. Ƙarfin kowa da rauninsa a ajiye a L1, wurin ajiye jerin lambobi a kalkuletar. Shirin da aka rubuta wa kalkuletar kuwa a kwafe shi a littafi da biro, don in ƙwaƙwalwar ta goge, shi ke nan.