Gasar zane tsakanin birane ƙawaye, wai zanen yaro yana ƙulla zumunci kuwa?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min. 'Yata ce ta dawo daga makaranta jiya da wata takarda, wai malaminsu na zane ya ce za a yi gasa tsakaninsu da yaran wani birni a wata ƙasa da aka ƙulla ƙawance da shi, taken kuma zumunci da zaman lafiya. Shekararta 14, tana da hannu kam ba don tawa ba ce, tun tana ƙarama bangon ɗaki bai taɓa tsira daga fensirinta ba. To abin da ya ɗaure min kai shi ne wai me ake nufi da ƙawancen birane, gari da gari kuma sai ka ce mutane? Sannan ta yaya zanen yarinya zai ƙulla zumunci da mutanen da ba ta taɓa gani ba, ko dai kawai manya ne ke neman abin ɗaukar hoto? Har ta fara zana hannu biyu suna musabaha, ga farar tattabara a sama ga tutoci, ni dai ya burge ni amma ban sani ba ko haka ake so.

Ɗan_Tarihi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin ya daɗe, kuma yaƙi ne ya haife shi. A daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen Jamus suka yi wa birnin Coventry na Ingila ruwan bama-bamai, tsakiyar garin ta ƙone ƙurmus har da babban cocinsu. Da labarin abin da Stalingrad ta sha a Tarayyar Sobiyet ya iso musu, sai mata 830 na Coventry suka yi surfanin sunayensu a jikin kyallen tebur suka aika can, wanda ya sha wuya ai shi ya san zafinta. A 1944 biranen biyu suka zama ƙawaye a hukumance. Daga baya ma Coventry ta ƙulla da Dresden, birnin Jamusawan da aka yi yaƙin da su.

A Amurka kuma shugaba Eisenhower ne ya kira taro a 1956, daga nan Sister Cities International, ƙungiyar birane ƙawaye, ta samo asali, suna shirya gasar zane da rubutu duk shekara ga matasa, kowace shekara da takenta. Akwai kuma Mayors for Peace, ƙungiyar magadan gari da magajin garin Hiroshima ya kafa a 1982, su ma suna da gasar zanen yara 'yan 6 zuwa 15 kan garuruwan zaman lafiya. Ki duba takardar da kyau ki ga wa ya shirya tasu.

Mai_Fenti:
Anti ki yi haƙuri zan ɗan ɓata miki rai, wannan tattabarar da musabahar wlh duk inda aka ce zaman lafiya rabin ajin shi za su zana. Na koyar da zane shekaru, na zauna tantance zanen yara, kafin ka kai na talatin idonka ya gaji da tattabara, hannuwan nan kuma sau da yawa daga intanet aka kwafo su. Wanda har yau ban manta ba na wani yaro ne da ya zana kansa yana zura wa kakarsa zare a allura, ta ɗaga kai tana jira, tabarau ya zamo mata kan hanci. Ba tuta ba komai, amma duk wanda ke da kaka a kowace ƙasa zai tsaya a gabansa.

Kuma tunda Malam ya ambaci Hiroshima. A 1947 wani coci a Washington, All Souls, ya tara fensira da kaloli da takardu ya aika wa yaran Hiroshima, ciki har da makarantar firamare ta Honkawa wadda ba ta kai rabin kilomita ba daga inda bam ɗin nukiliya na 1945 ya fashe. Yaran suka mayar da godiya da zane-zane. Me kike tsammani suka zana? Yara na wasa a filin makaranta, furanni, ranakun biki, kala mai haske, ba toka da gawa ba. Mutanen da aka ce musu abokan gaba ne suka buɗe kwali suka ga yara irin nasu. To nan ne zane yake aikinsa, shi ba ya buƙatar tafinta.

Sai_Na_Gani:
Ni fa ban cika yarda da abin nan ba. Malam Ɗan_Tarihi ka faɗi farkon labari ka bar ƙarshensa, ita Coventry ɗin ai a 2022 ta dakatar da ƙawancenta da Volgograd, wato Stalingrad ta da, saboda yaƙin Rasha da Yukren. Kusan shekara 80 ana aika juna gaisuwa, rana ɗaya siyasa ta shigo aka naɗe tabarma. Ƙanina ya taɓa shiga irin gasar nan, ya kwana uku yana fenti, aka karɓi zanen, sai satifiket kawai muka gani bayan wata huɗu sunansa ma ba daidai aka rubuta ba, yaran can ɗin kuwa ko ƙeyarsu bai gani ba balle zanensu. Ina zumuncin yake?

Ɗan_Tarihi:
Gaskiyarka ne ɗan'uwa, an dakatar, ban musa ba. Amma majalisar birni ce ta dakatar da takarda, waɗanda suka riga suka san juna ba za a kwance musu sanin ba. Abin da ya samu ƙaninka kuwa laifin masu shiryawa ne, gasar da zane ke tafiya ba ya dawowa ai rabin aiki ce. Hajiya wannan shi ne abin da za ki tambayi malamin: za a kawo zanen yaran can a liƙa a makarantarsu su ma su gani? Za su iya aika wa juna wasiƙa ta hannun makaranta? In ya ce e, to ta shiga da ƙarfinta ko ba ta ci komai ba.

Mai_Fenti:
Na manta, ku karanta ƙa'idoji tukuna, girman takarda da irin kalar da aka yarda da ita da ranar rufewa, yara da yawa a nan ake zubar da su ba a wajen iya zane ba. Kada babba ya sa mata hannu, alƙalai na ganewa. Ku ɗauki hoton zanen a haske mai kyau kafin a miƙa don sau da yawa ba a dawo da shi. In kuma wani ya ce ku tura kuɗi asusunsa na kansa, ku tsaya ku tambayi makaranta tukuna.

Uwar_Biyu:
Allah ya saka da alheri, na gode sosai. Na karanta mata duka, da farko ta turo baki wai an raina mata tattabara lol. Yanzu dai ta ɗauko sabuwar takarda, tana zana kanta da ƙawarta suna tafiya makaranta a ƙarƙashin lema ɗaya, kowacce kafaɗa ɗaya ta jiƙe. Tattabarar kam ta ce ba inda za ta, ta mayar da ita 'yar mitsitsiya kan wayar lantarki. Malam Mai_Fenti, in ta gama ya za mu kai shi kada ya yamutse?

Mai_Fenti:
Ki bari fentin ya bushe sosai Anti, ki ɗora farar takarda a kai, ki sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri. Kada a ninke shi, sunanta da shekarunta kuma a baya za ta rubuta da fensir.