Ƙanina mai farfaɗiya ya riƙe izu 20, amma ya manta wanda ya auna ran Talata

Maman 'Yan Biyu, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanina ne, shekararsa 23. Farfaɗiya ta kama shi yana ɗan shekara 11, bayan zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai har ya kwana uku bai san inda yake ba. Tun lokacin yake shan fenobabiton kowane dare, kuma alhamdu lillahi faɗuwar ta ragu sosai.

Abin da ke hana ni barci yanzu mantuwa ce. Yana koyon ɗinki a unguwar Alabar, nan Kumasi a Ghana. Ran Talata wani ya kawo shadda, yaron nan ya auna shi, ya karɓi sidi 100 kafin alƙalami. Ran Juma'a mutumin ya dawo, sai ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Kuɗin ni na tsince su a aljihun wandonsa wajen wanki. Maigidansa ya ce rainin hankali ne. Amma izu 20 da ya haddace tun makarantar allo, ko cikin dare ka tashe shi zai biya maka ba gyara. Wani lokaci kuma yana cikin magana sai ya kafe ido, yana lasar leɓe yana murza gefen rigarsa, bayan minti ɗaya ya dawo.

Innarmu ta ce maganin ne ke cin ƙwaƙwalwarsa, a daina a koma rubutu. Don Allah ciwon ne ko maganin?

Mai Jinya, Asawase:
Wa alaikumus salam. Yaya, wannan kafe idon da lasar leɓen shi ma farfaɗiya ce, ko da bai faɗi ƙasa ba. Irin wannan yawanci daga sashen ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne take tasowa. A can ciki akwai wani ɗan lanƙwasasshen abu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sunansa hifokamfus. Aikinsa kamar na magatakarda ne a bakin rumbu: duk sabon abu sai ya rubuta shi kafin ya shiga ajiya. In wutar farfaɗiya ta ratsa wurin, abin da ya faru a lokacin da ɗan kafinsa ba ya samun rubutawa. Abin da ya daɗe da shiga rumbun kuwa yana nan. Shi ya sa izu 20 ba su motsa ba, mai shadda ya ɓace.

Likitoci sun gane haka ne daga wani Ba'amurke, Henry Molaison. A 1953 aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya, aka cire wannan wurin dama da hagu. Faɗuwa ta ragu, yana tuna yarintarsa, amma har ya rasu a 2008 wanda ya gaisa da shi da safe baƙo ne da yamma. Kada wannan ya tsorata ki, na ƙaninki yana nan, tsangwama kawai yake sha.

Inna ma ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Fenobabiton yana kawo nauyin kai da jinkirin tunani ga wasu. Sai dai yanke shi farat ɗaya na iya jawo farfaɗiyar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Ku koma wurin likita, ku nemi a tura ku ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi. Ki ɗauki bidiyon kafe idon da wayarki ki nuna masa, ya fi dogon bayani. Zai iya neman gwajin EEG, wanda ke auna wutar ƙwaƙwalwa, ya rage ko ya sauya maganin a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya rabuwa da faɗuwa in an dace da magani.

Ɗan Nima, Accra:
Hajiya, ni mai ciwon ne, shekara 15 ke nan. Abin da ya fi faɗuwa ciwo shi ne a ce maka maƙaryaci kan abin da wallahi ba ka tuna ba. Na taɓa halartar sunan ɗan yayata, aka nuna mini hotona riƙe da jaririn bayan wata biyu, ban tuna ko ƙofar gidan ba. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Da likita ya mayar da ni kan wani maganin farfaɗiya, kabamazefin, kaina ya washe, ko da yake kowa da jikinsa. Barci ma babba ne: duk daren da na yi hira har ƙarfe ɗaya, washegari ba na riƙe komai. Ki saya masa ɗan littafi ya ɗaure a jikin keken ɗinkin. Suna, awo, kuɗi, rana, ya rubuta mai kayan yana tsaye, kada ya ce sai anjima.

Malamin Allo, Sawaba:
'Yata, ki gaya wa mahaifiyarku addu'a ba ta hana shan magani. A yi masa addu'ar, ya haɗiye ƙwayarsa. Ki bar shi kuma ya riƙa tilawa bayan asuba, yaro in ya ji abin da ya iya yana fita daga bakinsa, zuciyarsa kan yi ƙarfi.

Maman 'Yan Biyu, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna duka, ta yi shiru, can ta ce a bar masa maganinsa. Jiya da magariba ya sake kafe ido yana riƙe da kofin shayi, na samu na ɗauki bidiyon, hannuna na rawa. Littafin na saya a kasuwar Kejetia, gobe da kaina zan kai shagon, in zauna da maigidansa in yi masa bayanin magatakardan nan. Ran Litinin za mu asibiti.