A taimaka da kalmar Hausa: me za mu kira antimata?

Rabi: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya na rediyo, ga shi na maƙale a kan antimata. Abin da zan bayyana shi ne, kowace ƙwaya cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi zarra tana da takwara mai nauyi daidai da nata, sai dai cajinsu ya saɓa. In sun haɗu, duka biyun sai su ɓace su koma makamashi. Me zan kira ta?

Malam Sani: Kishiyar abu. A nahawu ma haka muke cewa, fari kishiyar baƙi.

Aminu: Akasin abu fa?

Dakta Halima: A'a Aminu, mai sauraro zai ɗauka babu ake nufi. Alhali akwai ta. Masanin kimiyya Dirac ya hango ta a lissafi a 1928, wani masanin, Anderson, ya ga sawun positiron, wato takwarar ilektiron, a 1932. A 2023 ma masu bincike a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, sun saki antihaidurojin, wato takwarar haidurojin, ya gangara ƙasa kamar kowane abu mai nauyi.

Aminu: To a bar ta antimata kawai, kamar yadda aka bar lantarki.

Malam Sani: A rediyo? Rabin masu sauraro za su ji "Anti mata", su zaci wata gwaggo ake kira.

Baba Tanko: Yaran yanzu ke nan, da an taɓa ku sai aro. Akasi Larabci, antimata Turanci. Ni tun tuni ɗan'uba nake cewa. Uba ɗaya, tunda makamashi ɗaya ke haifar ilektiron da positiron a tare, kuma ba sa ga maciji. Ɗan'uban abu. Ina aibinsa?

Aminu: Baba, ranka ya daɗe, kimiyyar da kake koyarwa ita ma ai ba Hausa ba ce.

Baba Tanko: Wannan ta zauna tun kafin a haifi mahaifinka. Faransawa hukuma guda suka kafa don tsare harshensu, ba wanda ya ce musu ƙauyawa. Mu kuwa da mutum ya ƙirƙiri kalma sai dariya.

Aminu: Su ma ai kalmar ƙwayar zarra wajen Girkawa suka aro ta.

Dakta Halima: Baba, hujjarka ta haihuwa tare ta yi kyau, ban musa ba. Matsalar ita ce jerin da ke biye: antifuroton da aka gano a 1955, ga antinutiron, ga antihaidurojin. Kishiyar furoton tana shiga baki. Ɗan'uban furoton kuwa, ɗalibi zai zaci nutiron ne, tunda gida ɗaya suke zaune a cibiyar zarra.

Baba Tanko: Kishiyoyi kuma suna shekara talatin a gida ɗaya ba wadda ta ɓace.

Malam Sani: 'Yan'uba ma haka, Baba.

Rabi: Don Allah malamai, dare na yi. Ga abin da na rubuta: "kishiyar abu, wadda masana ke kira antimata". Sau ɗaya zan ambaci antimata. Misalin da zan bayar na'urar hoton PET ce ta asibiti, inda positiron ke karo da ilektiron a jikin majiyyaci, hasken gama biyu su fita, ɗaya nan ɗaya can, na'ura ta kama su.

Dakta Halima: Ya yi, ko da yake "abu" ɗin bai kwanta mini ba, ya cika faɗi. Shi ma yana buƙatar zama na musamman.

Baba Tanko: Ku je ku yi. Ni dai a ajina ɗan'uba ne.

Rabi: Na gode Baba. Saura ɓacewar da suke yi in sun haɗu: halaka zan ce, ko cinye juna?