Su wa suka yi shahada a Dhaka?

Ɗan Fagge: Yau ɗana ya dawo da kuka wai an ci shi tarar naira 200 don ya yi Hausa a aji, wai banakula. Ku je ku ga ƴan Bengali, a 1948 Jinnah, wanda ya kafa Pakistan, ya tsaya a Dhaka, babban birnin gabashin ƙasar a lokacin, ya ce Urdu kaɗai ne harshen Pakistan alhali masu Bengali sun fi rabin ƙasar, ranar 21 ga Fabrairu 1952 ƴan sanda suka buɗe wa ɗalibai wuta, jinin shahidan nan ne ya haifi Bangladesh, wato gabashin Pakistan da ya ɓalle. Mu kuma muna biyan tara.

Malam Na-Zariya: Ka ji tsoron Allah. Shahidai? A kan yare?

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, su da kansu haka suke kiransu, har hasumiya suka gina musu, Shaheed Minar.

Malam Na-Zariya: To suna ne ke mai da mutum shahidi? Ƙasar da aka kafa don Musulmi suka raba fa.

Maman Ilham: Wanda aka kashe bisa zalunci fa, Malam? Kuma waye ya raba? A zaɓen 1970 jam'iyyar Sheikh Mujib, jagoran ƴan Bengali, ta ci kujeru 160 cikin 162 na gabas, rinjaye ke nan a duk ƙasar, shugaban mulkin soja Yahya Khan ya ƙi kiran majalisa, daren 25 ga Maris 1971 sojoji suka far wa jami'ar Dhaka, su ba Musulmi suka kashe ba?

Sarkin Gardama: Duk aikin Indiya ne. Ba don firayim ministarsu Indira Gandhi ta turo soja ba da har yau suna tare.

Maman Ilham: Tare ina? Tsakaninsu kilomita kusan 1,600 ne, Indiya a tsakiya. Ramar da ake buhu da ita a gabas ake nomawa, kuɗin a yamma ake ci.

Sarkin Gardama: Hajiya dama ku ƴan kallon fim ɗin Indiya ai ba kwa ganin laifinsu.

Maman Ilham: Kai da ka sa hoton jarumin Indiya a furofayil ɗinka shekara biyu? Kar ka sa in ɗauko.

Ɗan Fagge: Jama'a maganar tarar fa?

Malam Na-Zariya: Ka janye kalmar tukuna. An ba su harshen nasu tun 1956, me ya rage?

Baban Gida (admin): To na rufe. Abin da na fahimta shi ne Malam ya fi kowa hujja, shahada ba abin wasa ba ce, shi ma Sarki ya yi gaskiya tunda a gaban janar ɗin Indiya sojan Pakistan suka miƙa wuya ran 16 ga Disamba 1971. Hajiya ta kawo lambobi amma da zafi. Ɗan Fagge ka biya ɗari biyun, in babu ka yi min magana ta ciki.