Sai da takardar awon zuciya za a buga gasar hutu?

Koci: Salamu alaikum 'yan kwamiti. Kafin mu fara rubuta sunayen ƙungiyoyi ina da shawara, kuma ina so ta zama doka. Bana duk yaron da zai buga gasar hutu, daga ɗan shekara 14 zuwa sama, sai ya kawo takardar elektro, awon nan da ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji inji ya zana bugun zuciyarsa. Wanda bai kawo ba, ba zai sa riga ba. Mu 'yan Kamaru ba sai an ba mu labari ba. Ranar 26 ga Yuni 2003 Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a Liyon, muna wasa da Kolombiya, babu wanda ya taɓa shi. Shekararsa 28. Da aka bincika, sai aka ga bangon zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima. A watan Mayun 2016 Patrick Ekeng ya faɗi a fili ya rasu a Bukares, ba a yi mako ba mai tsaron gida Jeanine Djomnang ta rasu a nan gida tana ɗumama jiki kafin wasa. Ni ba zan tsaya a bakin fili a Garwa ina kallon ɗan wani yana tafiya haka ba.

Ma'aji: Wa alaikumus salam. Koci, niyyarka babu mai shakka a kanta, amma ni littafin kuɗi ne a gabana. Ƙungiya 16, kowace da yara 18, yara 288 ke nan. Abin da muka tara ko kofi da raga da sallamar alƙalan wasa bai gama rufewa ba. In kuma iyaye za a ɗora wa, ka san su wane ne iyayen: 'yan mashin, masu tura baro, masu sayar da kifi a bakin Binuwai. Kuma ka fi ni sanin abin da zai biyo baya. Duk inda aka ce sai da takarda, takarda za ta samu. Yaro zai kawo maka ita da hatimi da sa hannu, alhali ko rigarsa ba a ɗaga ba.

Alhaji Babba: Ni tambaya ɗaya gare ni, 'ya'yana. Shi Foé ɗin ba a Faransa da Ingila ya yi wasa ba? Lans, West Ham, Liyon, Manchester City. Likita nawa suka duba shi kafin a saye shi? Duk da haka da lokaci ya yi ya tafi. In wa'adi ya cika babu injin da zai ƙara wa mutum numfashi ɗaya. Kada ku tsorata yara, ku bar su su yi wasansu.

Malam: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ajali gaskiya ne, babu musulmin da ke musun sa. Sai dai ku tuna Sayyidina Umar a kan hanyar Sham, da labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a. Aka ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Yaran nan amana ce a hannun kwamiti tun daga busa ta farko. Neman sani kan lafiyarsu bai saɓa wa tawakkali ba. Wace hanya ce ta fi, wannan kam na bar wa masu ilimin abin.

Ɗalibin likita: Baba, Kawu Koci, ku yi mini izini. Kowannenku yana da hujja a hannu. A Italiya tun 1982 doka ta wajabta awon zuciya ga duk mai shiga gasa. A yankin Beneto an bi lissafi daga 1979 zuwa 2004, aka ga mutuwar fuju'a tsakanin matasa 'yan wasa ta sauko daga 3.6 zuwa 0.4 cikin kowane 100,000 a shekara. Wannan ke goyon bayan Kawu. Amma a Ingila an auna matasa 'yan ƙwallo 11,168, an gano 42 masu cutar da kan iya kashewa farat ɗaya, sannan daga baya takwas suka mutu da ciwon zuciya, shida daga cikinsu awonsu ya fito lafiya lau. Dalili shi ne wasu cututtukan, kamar kaurin bangon zuciya, ba sa nuna kansu a shekara 16, sai yaro ya ƙara girma. Awo ɗaya ba ya wanke mutum har abada. Shi ya sa likitocin zuciya na Turai ke cewa a yi wa kowane ɗan wasa elektro, na Amurka kuma suka tsaya kan tambayoyi da duba jiki tukuna.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Zuciyar baƙar fata mai yawan motsa jiki takan zana wani layi a takardar wanda a wajenmu lafiya ce, amma wanda bai saba ba zai ɗauka cuta ce. Sai da aka gyara ƙa'idojin karatun a 2017 don rage irin wannan kuskuren. Injin da ke buga nasa sakamako a saman takarda bai san da haka ba. In ba ƙwararre ne zai karanta ba, za mu kori yara masu lafiya mu jefa iyayensu cikin tashin hankali.

Koci: To ka ga 42 ɗin nan? Su nake nema. Ko ɗaya ne a cikin namu, ya ishe ni.

Inna Nas: Ku bar ni in sa baki, don ni a ɗakin marasa lafiya nake kwana. Kuna ta maganar Italiya, ni kuma abin da ke cika mana gadaje daban ne. Yarinya 'yar shekara 15, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi uku, numfashi kamar ta yi gudu. Ka tambayi uwar, sai ta ce tun tana ƙarama take yawan ciwon maƙogwaro, an kai ta wurin wanzami ya cire belu, daga baya gwiwoyi da gwiwar hannu suka riƙa kumbura aka ce sanyin ƙashi ne. Ƙwayar cutar maƙogwaron nan ce ba a kashe ta da fenisilin ba, jiki ya juya yana yaƙar kansa, har ƙofofin zuciya suka lalace. Cutar nan tana kashe sama da mutum 300,000 duk shekara a duniya, akasari a ƙasashe irin namu. Elektro ba ya kama ta da wuri. Kunnen likita a ƙirji da hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sikanin, su ke kama ta. A Yuganda an gwada: yaran da aka gano da wuri aka riƙa yi musu allurar fenisilin duk mako huɗu, waɗanda cutarsu ta ci gaba ba su kai 1 cikin 100 ba, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kusan 8 cikin 100. Kuma Koci, 'yan matan nan ba sa cikin ƙungiyoyinka 16. In kamfe za mu yi, kada ya tsaya a kan masu takalmin ƙwallo.

Mai tsaron gida: Iyayena, ku yi haƙuri da shigowata. Ni ina cikin waɗanda za a auna. Gaskiyar magana yawancinmu tsoron awon muke yi. Kowa a nan burinsa wata rana Coton Sport, babbar ƙungiyar Garwa, ta gan shi, ya buga a filin wasa na Rumde Ajiya. In aka ce zuciyarka da matsala, shi ke nan, unguwa ta ji, babu ƙungiyar da za ta sake ɗaukar ka, har maganar aure sai ta shafa. Na san wanda jiri ke ɗiba in ya yi gudu, amma ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa wa Koci ba.

Koci: Ɗana, ka san Nwankwo Kanu. A 1996, ya dawo da zinaren Olamfik daga Atlanta, likitocin Inter Milan suka gano ƙofar zuciyarsa ɗaya ba ta aiki daidai. Aka yi masa tiyata, ya dawo ya buga wa Arsenal shekaru, ya sake zama gwarzon Afirka a 1999. Da ba a auna shi ba fa?

Ma'aji: A Amurka aka yi wa Kanu aikin, Koci. Namu yaron ina za mu kai shi? Cibiyar zuciya ta Shisong tana can Kumbo, kuma kowa ya san rikicin da yankin yake ciki tun 2016. In Yaunde ne ko Duwala, sai mota zuwa Ngaundere, a kwana a jirgin ƙasa, ga masauki, ga kuɗin aikin da ko gida aka sayar ba lalle ya kai ba. Ka gaya wa uba ɗansa na da ciwon zuciya sannan ka juya ka bar shi da takarda a hannu, wannan taimako ne?

Inna Nas: Ma'aji, a nan ban bi ka ba. Ba kowane aka gano ne ke buƙatar wuƙa ba. Wani magani ne kullum, wani allurar wata-wata, wani kawai a ce ya bar gasa ya riƙa motsa jiki daidai ƙarfinsa. Kuma kaurin bangon zuciya gado ne. In uba na da shi, kowane ɗa nasa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ka gano ɗaya, ka buɗe ido a kan gida guda.

Hajiya: Tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye. Ɗan ƙanwata shekararsa 17. Sau biyu yana suma a fili kafin ranar, aka ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Ƙanen mahaifinsa ma yana saurayi aka tashe shi sallar asuba ba ya motsi, amma babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Ranar da ya faɗi na uku, abokansa suka kewaye shi. Wani ya kwara masa ruwan jarka, wani ya fasa albasa ya kai masa hanci, wani ya cire riga yana yi masa fifita, wani yana ƙoƙarin cusa masa cokali a baki wai kada ya haɗiye harshe. Sannan aka sa shi a tsakiya a kan mashin, ƙafafunsa na jan ƙasa. Da suka isa asibiti likita ya ce ya daɗe da cikawa. Yaran nan son sa suke, da abin da suka sani suka yi. Ni ban san elektro ba, amma da wani ya taɓa tambayar mu ko ya taɓa suma, da mun faɗa.

Malam: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, Hajiya.

Alhaji Babba: Allah ya sa ya huta. Hajiya, ban san haka abin ya kasance ba.

Inna Nas: Amin. Yaya Hajiya, abin da kika faɗa shi ne inda ya kamata kuɗinmu ya fara zuwa. Duk wanda ya faɗi babu wanda ya buge shi, ka kira shi bai amsa ba, ba ya numfashi ko yana wani irin gurnani jefi-jefi, ko da jikinsa na karkarwa kamar farfaɗiya, a ɗauka zuciya ce ta tsaya. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya a kan ɗaya, a danna da ƙarfi ya nutsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. In ka gaji wani ya karɓa. Ba ruwa, ba albasa, ba cokali. Kowane minti da ya wuce ba a danna ba, damar tsira na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Christian Eriksen, ɗan wasan Denmark, da ya faɗi a 2021 a Kofanhegan an auna shi sau da yawa a manyan ƙungiyoyi, awon bai hana shi faɗuwa ba. Abin da Allah ya sa ya zama sanadin tashinsa shi ne an fara danna ƙirjin nan take, aka kuma kawo na'urar da ke bugun zuciya da lantarki ta dawo da ita. Ekeng kuwa, bincike ya nuna motar asibitin da ta ɗauke shi ba ta da kayan aiki a shirye.

Sannan ku daina sa wasa da rana tsaka, kun san zafin Garwa. Yaron da ke da zazzaɓi kada ya shiga fili ko da shi ne mai cin ƙwallo, don wata cutar takan taɓa naman zuciya. Masu haɗiyar tramol kafin wasa kuma, Koci, ka san su.

Ɗalibin likita: Ni da abokan karatuna za mu iya zaunawa da kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban Koci ko abokansa ba, saboda abin da ƙanena mai tsaron gida ya faɗa. Ka taɓa suma kana gudu? Ƙirji na ciwo, ko zuciya na bugawa ba daidai ba? Kana gajiya kafin tsaranka? Akwai wanda ya mutu farat ɗaya a danginku bai kai shekara 40 ba, ko a barci, ko a ruwa alhali ya iya iyo? A auna hawan jini, Inna ta saurari ƙirji. Wanda aka ga alama a tura shi elektro da eko, kwamiti ya biya. Amma kada in ɓoye: da yawa daga masu irin wannan cuta ba su taɓa jin komai ba, faɗuwar farko ita ce ta ƙarshe. Tambayoyi ba za su kama su ba. A nan Kawu Koci ya fi mu gaskiya.

Koci: To kun ji. Na yarda da tambayoyin, na yarda da koyon danna ƙirji, ni zan fara durƙusawa in koya. Amma ban janye ba. In kuɗi ne matsala, a rage girman kofi, a soke rigunan kwamiti, mu je wurin 'yan kasuwar da ke son a kira sunansu a lasifika ranar wasan ƙarshe. In ba za a iya 288 ba, a fara da 'yan ƙasa da shekara 18.

Ma'aji: Rigunan kwamiti na yarda a soke. Sauran ba zan ce komai ba sai na ga farashi a rubuce. Ka je asibiti ranar Litinin ka tambaya nawa za su yi mana in yaran suka zo a jere, ka kawo mini.

Inna Nas: Ka kuma tambaya wa zai karanta takardun. In ba likitan zuciya ba ne, ni ba na ciki. Koyon danna ƙirji kuwa ba sai an jira Litinin ba. Asabar bayan la'asar a filin, kowace ƙungiya ta turo kyaftin da mutum biyu, alƙalan wasa duka su zo. Malam, a ara mana tabarmi huɗu.